Daga Abuja zuwa Yankari: yadda za ka isa Wikki tun rana na sama

Duk wanda ya tambaye ni hanyar Yankari, abin da nake fara gaya masa shi ne, in ka ga ƙofar shiga kada ka ce alhamdulillahi mun iso, ba ka iso ba wallahi. Daga babbar ƙofar da ke ƙauyen Mainamaji zuwa sansanin Wikki inda masauki da ruwan ɗumin suke akwai wajen kilomita 43 cikin daji zalla, ba gari ba ƙauye ba gidan mai, kuma ba hanyar da za ka take wuta ba ce tunda dabbobi na tsallakawa. Mu zuwanmu na farko wannan guntun ne ya ba mu kunya, mun yi lissafin komai har da kuɗin tsire amma ba mu saka shi a lissafi ba. Toh shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda tafiyar take daga Abuja, daki-daki, don wani ya huta da irin wahalar da muka sha.

Fara da zaɓar lokaci

Yankari na cikin ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, kenan ba gidan zu ba ne da za ka je ka tarar an kulle maka zaki a keji yana jiranka. Dabbar nan a gidanta take, in ta ga dama ta fito in ba ta ga dama ba sai haƙuri. Don haka lokacin zuwa shi ne rabin tafiyar. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ya fi, lokacin ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, komai na gangarowa bakin kogin Gaji shan ruwa. Akwai zafi kam, ba ƙarya, Maris da Afrilu a Bauchi ba wasa ba ne, amma ai ga Wikki nan ka faɗa. Disamba da Janairu akwai daɗin yanayi saboda hunturu sai dai cunkoso, hutun ƙarshen shekara da na makaranta duk a nan suke haɗuwa, haka ma kwanakin Sallah. Da damina kuwa dajin ya yi kore shar gwanin sha'awa, amma ciyawa ta fi mota tsawo, giwa na iya tsayawa kusa da kai ba ka gan ta ba, wasu hanyoyin cikin dajin ma taɓo ya hana bin su.

In son samu ne ka je tsakiyar mako. Talata zuwa Alhamis ruwan kamar naka kai kaɗai.

Kafin ka tashi ka kira ka kama ɗaki, kuma ka tambayi kuɗin shiga da na mota da na zagayen daji a wannan makon da za ka je, kar ka dogara da abin da abokinka ya biya bara. Ka tambaya har da lokacin da suke daina barin motoci su wuce ƙofa da yamma, wannan tambayar ta fi duk sauran muhimmanci.

Kwana ɗaya ko biyu?

Abuja zuwa Wikki kusan kilomita 500 ne ko ma ya ɗan haura. Abuja zuwa Jos awa huɗu zuwa biyar, Jos zuwa Bauchi kilomita 130 wajen awa biyu, Bauchi zuwa Wikki kuma ka ba shi wata awa biyun. In ka haɗa da tsayawa sallah da cin abinci da shan mai da shingayen jami'an tsaro, ka ga awa goma ta tafi. Ana iya yi a yini ɗaya, na san masu yi, amma sai dai in kuna idar da sallar asuba kun hau titi kuma babu yara a motar. Ni dai shawarata a raba biyu, a kwana Jos ko Bauchi. Mu Jos muke kwana saboda Yayata na can, ga abinci ga shimfiɗa kyauta, amma wanda ba shi da kowa a Jos gara ya daure ya ƙarasa Bauchi, washegari ya karya da masa ya shiga Yankari kafin azahar hankali kwance.

Abuja zuwa Jos

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Nyanya, Mararaba, Masaka, Keffi, Akwanga. Duk mazaunin Abuja ya san halin Mararaba, da safe gosulo na ɓangaren masu shigowa gari ne, kai da kake fita sai ka wuce sumul kana tausaya musu, amma da yamma abin juyawa yake. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci kuwa kada ma ka fara. Mu haka muka yi karon farko, wai sai an tashi daga ofis, muka kwashe kusan awa biyu tsakanin Nyanya da Masaka yara na kuka a baya, Hajiya na cewa “Baban Ummi ai na faɗa maka mu bari sai gobe”, ni kuma na yi gum da sitiyari don ba ni da bakin magana.

Keffi zuwa Akwanga yanzu titi tagwaye ne, ba laifi, kuma ana karɓar kuɗin hanya don haka katinka na banki ya kasance kusa. A Akwanga ka lura sosai, a nan hanya ta rabu, wadda ta yi kudu Lafiya da Makurɗi za ta kai ka, ta Jos ita ce ta yi arewa ta Gwantu da Fadan Karshi da Forest. Ka tsaya Akwanga ka ci abinci ka zaga ka duba taya, don daga nan titin ya koma falan ɗaya, ga ramuka wuri-wuri ga tireloli da tankoki.

Sai Hawan Kibo. Wanda bai taɓa bi ba, nan ne ake barin ƙasa a hau tsaunin Filato, hawa ne mai tsawo da kwana-kwana, kuma manyan motoci sun sha kwacewa a wajen. Kada ka manne wa tirela a baya tana hawa, ba ka san lafiyar birkinta ba, ka ba ta tazara, kuma kada ka ce za ka wuce ta a kan kwana. In motarka na da halin ɗaukar zafi ka duba ruwan lagireto tun daga ƙasa. A yankin ne kuma magangarar ruwan Assop take, in da lokaci a hannunka tsayawar rabin awa ba asara ba ce. Kana gama hawa za ka ji iska ta canza, a nan ne masu rigar sanyi ke fara lalube a jaka, don Jos tana sama da mita 1,200 daga doron teku. Za ka wuce duwatsun Riyom ɗin nan da suka ɗare kan juna kamar wani ne ya jera su, sai Mararrabar Jama'a, Bukuru, ka shiga Jos.

Akwai wata hanyar ta Kudancin Kaduna, ta Kwoi da Kafanchan da Kagoro da Manchok ta ɓullo Vom. Wasu direbobin haya sun fi son ta. Ni dai kafin in zaɓi ko wacce sai na kira wani direba da na sani a tasha na ce “Malam yau ta ina kuke bi?”, domin su ne kullum a kan titi, sun san inda ya lalace da inda ake zaman ɗarɗar. Kuma ko wacce ka ɗauka, tafiyar dare a wannan tsakanin ba ni a ciki.

Jos zuwa Bauchi

In a Jos ka kwana, ka biya kasuwar Farin Gada da safe ka yi guzuri, dama a bakin hanyarka take. Karas, kokwamba, kabeji, dankalin turawa, duk a nan suka fi araha, in lokacinsa ne har sitiroberi za ka samu a gari. Daga nan ka kama Bauchi Road ka wuce jami'a ta wajen Naraguta, ba jimawa ka bar Filato ka shiga jihar Bauchi ta Tilden Fulani, sai Magama Gumau, yankin Toro, Nabordo, ka hango dutsen Zaranda ka san ka kusa. Hanyar gangara ce yawanci, mota na jin daɗinta, zafi kuma na ƙaruwa kaɗan-kaɗan har ka cire rigar sanyin da ka saka jiya. Shingaye na da ɗan yawa, takardun mota da lasisi su kasance a gaba ba a ƙasan but ƙarƙashin kula da katifa ba, ka gaida jami'i da fara'a ka wuce abinka.

Bauchi, inda za ka gama duk wani shiri

Wannan ne gari na ƙarshe da za ka samu komai, toh kada ka yi gaggawar fita. Ka cika tanki taf, ba rabi ba. Lissafa da kanka, zuwa Wikki da dawowa ya haura kilomita 200, in kuma da motarka za ka shiga zagaye ga ƙari. Ka ciri tsabar kuɗi a nan, domin sabis a cikin daji sai a hankali, yana zuwa yana ɗaukewa, ranar da kake tsaye gaban mai karɓar kuɗi kana ɗaga waya sama kana neman sabis ɗin tiransifa za ka tuna da ni. Ruwan sha katan biyu ko uku, burodi, kayan shayi, maganin sauro, tocila, fawa bank a cike, da duk wani maganin da wani a cikinku ke sha kullum. Akwai gidan abinci a sansanin, amma mai yara ya san yunwar yaro ba ta jiran kicin.

Ka duba safaya taya da jak da abin kwance taya, ka tabbata safayar na da iska, ba wai tana nan kawai ba.

Masar Bauchi kuwa ba sai na tallata ta ba, a nemi ta wajen Wunti da safe, da miya ko da ƙuli, a yi guzurin wata a kula. In kun kwana a garin kuma kuna da awa guda, ku kai yara kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, firaministan Najeriya na farko, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairun 1966, yana nan cikin gari.

Bauchi zuwa ƙofa, ƙofa zuwa Wikki

Daga Bauchi titin Gombe za ka kama. Ka yi ta tafiya har Dindima inda gadar kogin Gongola take, a nan za ka bar babban titi ka karya dama. Ka sa ido, don in hira ta yi daɗi ka zarce sai ka tsinci kanka a garin Alkaleri kana tambaya. Daga Dindima zuwa Mainamaji wajen kilomita 29 ne, ƙauyuka da gonaki da shanu da yara a bakin hanya, a tafi a hankali.

A ƙofa za a rubuta ku, a karɓi kuɗin shiga na mutane da na mota, wani lokacin har da na babbar kyamara. Ka adana rasit ɗinka. Ka yi niyyar kasancewa a nan kafin la'asar, in da hali ma da azahar. Mu a wancan zuwan mun baro Jos a makare, muka tsaya ziyara a Bauchi aka ce sai mun ci abinci, ka san halin zumunci, muka iso ƙofa rana ta yi ja. Wani dattijo cikin masu gadin ya leƙo ya dubi yaran ya ce “Alhaji ai da saura, ka san Wikki da nisa ko?” Na ce nisa kamar yaya, ba nan ne Yankarin ba? Ya yi dariya kawai. Haka muka shiga, magariba ta riske mu a tsakiyar daji, fitilar mota kaɗai, ga wasu idanu na ƙyalli a gefen hanya ba mu san na mene ne ba, motar ta yi tsit har Ummi mai surutu, Hajiya sai jan carbi take. Ba abin da ya same mu alhamdulillahi, amma awa ɗayan nan ta fi min tafiyar Abuja zuwa Jos tsawo.

Da rana kuwa wannan guntun shi ne farkon kallo. Ka sauke gilashi ka tafi sannu, za ka ga zabin daji na tsere, gadu da 'ya'yanta sun ɗaga jela sama kamar eriya, gwaggon biri zaune a tsakiyar kwalta ko a jikinsa. In ka ga kashin giwa sabo a kan titi ka ƙara rage gudu. In kuma Allah ya haɗa ka da su suna tsallakawa, ka tsaya nesa, ba hon, ba fitowa ɗaukar hoto, ka jira su gama wucewa.

Wanda ba shi da mota

Ana zuwa, sai dai a shirya. Daga Abuja akwai motocin Jos da na Bauchi kai tsaye a Jabi da Nyanya da Mararaba, ka je da sassafe ka samu lodin farko don in ka makara sai ka zauna jiran mota ta cika. Daga Jos kuma tashar Bauchi Road. Matsalar daga Bauchi take farawa, domin motar haya za ta iya sauke ka a Dindima, ka lallaɓa ka kai Mainamaji, toh daga nan fa? Ba wanda zai bar ka ka taka da ƙafa cikin dajin da giwa da ɓauna ke yawo. Abin da ya fi kawai ku haɗu ku huɗu ko biyar ku ɗauki shata tun daga Bauchi har Wikki. Ku yi ciniki a fili, ku ce masa har cikin sansani ba bakin ƙofa ba, wa zai biya kuɗin shigar mota, kuma yaushe zai dawo ɗaukarku. Kada ku biya kuɗin dawowa gaba ɗaya tun a ranar farko, kuma ku tsayar da rana da awa tun kuna ido da ido saboda kiran waya daga ciki ba tabbas. Akwai filin jirgi a Bauchi ga mai hali, amma ko ta sama ka zo shatar nan dai ba makawa.

In ka isa

Abu na farko, birai. Ba wasa nake ba. Gwaggon biran Wikki sun saba da mutane har sun raina su, sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake murɗa hannun ƙofa. Washegarin isowarmu ina fito da kaya daga but na ajiye ledar burodi a kan mota na juya in ɗauki flas, wallahi ko ƙiftawa ban yi ba wani ƙato ya dira ya sure ta, ya koma gefe ya zauna ya yage ledar da haƙori yana ci yana kallona ido cikin ido. Ummi ta ce “Baba ka karɓo mana”, na ce ke dai bar shi Allah ya ba mu wani. Ka kulle ɗaki da makulli ko kana ciki, ka rufe taga da gilashin mota, kada yaro ya fita riƙe da abinci a hannu, kuma kada ka ba su da kanka don kai ne za ka ja wa na bayanka.

Zagayen daji ana fita da sassafe da kuma yamma, da ɗan rakiya daga ma'aikatan wajen, ko a motarsu ko a taka in mai tsayi ce. Ka ɗauki na safe, in da hali ka ƙara da na yamma, don abin sa'a ne. Kada ka sa baƙaƙen kaya ko shuɗi mai duhu, tsando na son su, kuma cizonsa har ta cikin riga yake ratsawa. Gwambaza da mazo da gadu kusan kullum ana gani, ɓauna da gwanki da kanki sai an dace, dorina da kada a wajen ruwa, tsuntsaye kuwa sama da iri 350 aka ƙirga a dajin, har da burtu da yawancinmu a tatsuniya kawai muka san shi. Giwayen Yankari na daga cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, amma mu sai a zuwa na biyu muka gan su. Zaki akwai ɗan kaɗan, kada ka yi wa yara alkawarinsa.

Ka ce wa ɗan rakiya ya biya da ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey sama da ɗari da aka haƙa haɗe da juna ta ƙasa don tara ruwa. Mutane sun zauna a dajin nan tun kafin a keɓe shi a 1956 a buɗe wa masu ziyara a 1962. Ya zama gandun tarayya a 1991, aka maida wa jihar Bauchi a 2006. Akwai ɗan gidan tarihi a sansanin da ƙasusuwa da fatu da tarkunan da aka ƙwace hannun mafarauta, minti ashirin ya isa.

Sai ruwan. Matakala za ka bi ka gangara, yana ɓulɓulowa ne daga ƙarƙashin wani jan dutse, garau har kana ganin yatsun ƙafarka a kan yashi, kuma ɗuminsa na nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wajen bakin dutsen ya fi zurfi, zai iya shanye mutum, wanda bai iya iyo ba da yara su tsaya ta ƙasa inda bai wuce gwiwa zuwa ƙugu ba. Masu iyali su sauka da sassafe ko bayan an dawo zagayen safe kafin samari su cika wajen, Hajiya da doguwar riga da wando ta shiga abinta. A bar mutum ɗaya a bakin kaya saboda mutanen namu na kan bishiya suna kallo.

Kwana biyu ya wadatar, uku in kana son hutawa sosai. Ranar komawa ka bar Wikki da ƙarfe bakwai, ka sha mai a Bauchi, azahar ta same ka a Jos, ka sauka Hawan Kibo da giya ba da birki kaɗai ba. Da yamma kai kana shiga Abuja ne masu Mararaba na fitowa, don haka hannunka ba gosulo sosai.